Gardamar Wuta a Kicin Ɗin Gidanmu

Edita ya daɗe yana bi na bashin rubutu, ni kuma ina ta yi masa hanya-hanya da sunan karatu ya sha mini kai. To yau ga shi na biya, sai dai ba da irin kuɗin da ya nema ba. Shi cewa ya yi in rubuta yadda sabon zuwa zai yi da sanyi da tsadar haya, ni kuwa wata gardama ce ta hana ni sakat tun hunturun da ya wuce, na ga gara in amayar da ita a nan ko na samu sauƙi.

Mu huɗu ne a gidan da nake haya a Mancesta, kowa da ɗakinsa, kicin ɗaya. Biyu daga cikinmu labarin ya shafa. Na farko ɗan ƙasarmu ne daga kudancin Kaduna, yana digiri na biyu a fannin harhaɗa magunguna, kuma in dai karin magana ce to Hausarsa ta fi tawa. Kirista ne irin waɗanda ake kira bon-agen, wato masu cewa an sake haifarsu, suna kafa hujja da hirar Yesu da Nikodimu a sura ta 3 ta Linjilar Yohanna. Ba ya shan giya, ba ya zuwa gidan rawa, sau da yawa in na tashi asuba nakan jiyo shi yana addu'a. Ina ce masa Fasto don tsokana, shi kuma yana ce mini Malam, alhali babu wanda ya cancanci sunan a cikinmu. Ta biyu Baturiya ce 'yar arewacin Ingila, tana digiri na uku a kimiyyar sinadarai. Ba ta da addini, kuma ba ta ɗauki hakan wani abin a zo a gani ba, domin kuwa a ƙidayar 2021 kashi 37 cikin 100 na mutanen Ingila da Wales sun ce ba su da addini, Kiristoci kuma suka sauko kashi 46, karo na farko ke nan da suka gaza rabi.

Wata 'yar takardar wa'azi ce ta jawo maganar. Fasto ya dawo daga coci ya bar ta a kan teburin cin abinci, da zanen harsunan wuta a bangonta. Baturiyar ta ɗauka ta jujjuya, ta tambaye shi cikin raha ko da gaske ya yarda da wannan. Ya ce sosai ma. Daga ranar kusan duk daren da girki ya haɗa mu sai an taɓa, ni ina gefe ina yanka albasa ina sauraro.

Hujjarta ta farko lissafi ce, irin ta mai aiki da ma'auni. Ta ce mutum ya yi shekara 70 ko 80 a duniya, ko da a ce kowace daƙiƙa laifi ya aikata, laifin yana da iyaka. Ta yaya za a biya abu mai iyaka da azaba marar iyaka? Ta ce duk alƙalin da ya yanke irin wannan hukunci a duniya, sunansa azzalumi. Ba ita ta fara faɗa ba. Masanin falsafa Bertrand Russell ya yi wata shahararriyar lacca a Landan a watan Maris na 1927 a kan dalilin da ya sa shi ba Kirista ba ne, inda ya ce a ganinsa mai tausayi na gaske ba zai iya yarda da azaba ta har abada ba.

Amsar Fasto ita ma tsohuwa ce, ta samo asali tun daga Anselm, babban limamin Kantabari da ya rasu a 1109: girman laifi yana bin girman wanda aka yi wa. Ya juyo gare ni ya fassara mini da Hausa, ya ce Malam, wanda ya mari sa'ansa da wanda ya mari sarki a fada ai ba hukuncinsu ɗaya ba, to ina ga wanda ya saɓa wa Mahaliccin sarkin? Na gyaɗa kai, don misalin ya zauna mini. Amma da aka mayar mata da shi sai ta ce to idan yaro ɗan shekara uku ne ya mari sarkin fa? Ashe ba girman wanda aka mara kaɗai ake dubawa ba, ana duba hankalin mai marin, kuma tazarar da ke tsakanin mutum da Allah, in akwai shi, ta fi wadda ke tsakanin yaro da sarki. Ta ƙara da cewa sarkin da ya sa aka ƙone yaro saboda mari, martabarsa raguwa ta yi. A nan na ga Fasto ya yi jim.

Bayan kwana biyu ya dawo da wata. Ya ce ba jefa mutum ake yi ba, mutum ne ke zaɓar ya juya wa Allah baya, Allah kuma ba ya yi wa kowa dole. Wannan fahimtar marubuci C. S. Lewis ce ya yaɗa ta a shekarun 1940, cewa mazauna wuta su ne suka kulle kansu ta ciki. Ta ce ta ji, amma wane mai hankali ne zai ga wuta ƙiri-ƙiri ya zaɓe ta? In ya gani ya zaɓa, ba shi da lafiya, magani yake bukata. In kuma bai gani ba, to ba ita ya zaɓa ba. Ni dai a raina na ce wannan amsar tata ba ta san ɗan Adam sosai ba, domin mun sha ganin mutum yana kallon abin da zai hallaka shi yana kuma bin sa, girman kai ya hana shi juyowa. Mashayi ya san inda kwalba za ta kai shi.

Abin da ban sani ba kafin wannan gardama, kuma ina jin da yawa cikinmu ba su sani ba, shi ne Kiristocin kansu ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan batu. Mafi rinjaye a tarihi suna kan azaba ta har abada, wadda Agustin ya kare a ƙarni na 5. A wannan layi ne mai wa'azi Jonathan Edwards ya yi huɗubarsa ta 1741 a Amurka, inda ya kwatanta mai zunubi da gizo-gizon da aka riƙe a saman wuta, har aka ruwaito cewa koke-koken jama'a sun riƙa katse shi. Akwai kuma masu cewa wuta cinyewa take yi, wanda ya shiga zai ƙare ne ƙurmus, ba zai dawwama yana shan azaba ba. John Stott, wanda yana cikin manyan malaman Ikklesiyar bishara a Ingila, ya karkata ga wannan a wani littafi na 1988, aka yi masa ca. Abin da ya burge ni da shi, ya amsa cewa zuciyarsa ba ta iya ɗaukar azaba marar ƙarshe, amma ya ce zuciya ba ita ce alƙali ba, nassi ne, sannan ya kawo ayoyinsa. A 1995 kwamitin aƙida na Cocin Ingila ya fitar da rahoton da ya bayyana wuta a matsayin rashin wanzuwa gaba ɗaya, a 2000 kuma ƙungiyar masu bishara ta Birtaniya ta amince cewa wannan ra'ayi na wasu tsiraru ne a cikinta, ba ta kore su ba. Kashi na uku su ne masu cewa a ƙarshe kowa zai tsira, ra'ayin da ake jingina wa Orijin na Iskandariya tun ƙarni na 3, wanda coci ta yi tir da shi a ƙarni na 6.

A cikin 'yan kashi na uku akwai mutumin da labarinsa ya tsaya mini a rai, Carlton Pearson. Baƙar fata ne, bishop na Fentikos a garin Tulsa na jihar Oklahoma, almajirin Oral Roberts, cocinsa na tara mutum fiye da 5,000. A ƙarshen shekarun 1990 yana zaune a falonsa yana kallon talabijin, aka nuno 'yan gudun hijirar Ruwanda, mata da yara sun rame sun zama ƙashi. A bisa abin da ya taso yana wa'azi, duk wanda ya mutu cikinsu bai karɓi Yesu ba daga wannan wahala sai wuta. Ya ce a nan ya ji ba zai iya ci gaba da faɗin haka ba. Ya hau mumbari ya sanar da jama'arsa. Mutane suka watse, a 2004 majalisar bishop-bishop na Fentikos baƙar fata ta ayyana shi ɗan bidi'a, ginin cocin ma ya kuɓuce masa. Ya rasu a 2023 bai janye ba. Baturiyar tana ganinsa gwarzo. Fasto yana ganinsa mutumin da tausayi ya rufe wa ido har ya yi wa nassi gyaran fuska.

A kan Ruwandan ne kuma Fasto ya yi maganar da ta fi kowace ƙarfi a duk zaman. Ya ce Pearson ya kalli waɗanda aka zalunta, shi kuwa masu addar yake kallo. An kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana 100 a 1994, da yawa a cikin coci-cocin da suka gudu neman mafaka. Nawa ne cikin makasan suka tsufa a gidajensu? Pol Pot ya mutu a 1998 ba tare da wata kotun duniya ta gurfanar da shi ba. Idi Amin ya rasu a asibiti a Jidda a 2003, babu alƙalin da ya taɓa yi masa tambaya ko ɗaya. Ya ce mata in maganarki gaskiya ce, to wanda ya sare jariri da jaririn makomarsu ɗaya, ƙasa ta cinye su, an rufe littafi. Kin iya kwana da wannan?

Ta yi shiru, sannan ta ce ba ta jin daɗinsa ko kaɗan, amma duniya ba ta yi mata alkawarin adalci ba, kuma son abu ya kasance ba ya sa ya kasance. Gaskiya ta faɗa. Sai dai a nan ne na ajiye wuƙa na sa baki karo na farko, na ce mata ai wannan takobin kaifi biyu gare shi. In ƙishirwar adalci ba ta tabbatar da akwai wuta, to ƙyamar azaba ma ba ta tabbatar da babu ita. Makonni ke nan kowannensu yana auna abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka, yana kiran sa hujja a kan abin da ke akwai. Kuma rijiya ɗaya suke ɗiba. Ita ta ƙi wuta don tana ganin zalunci ce, shi ya riƙe ta don yana ganin rashinta zalunci ne. Babu wanda ya ce adalci ba komai ba ne a cikinsu, har ita da ke cewa mu tarin sinadarai ne kawai.

Wani dare Fasto ya zo da murna da wani bincike na 2012 da Azim Shariff da abokin aikinsa suka yi a kan ƙasashe 67, wanda ya nuna cewa inda imani da wuta ya fi ƙarfi laifuka sun fi ƙaranci. Ita kuma ta nemo wani na 2014 na shi Shariff ɗin, mai nuna cewa imani da wuta yana tafiya da ƙarancin farin ciki. Na bar su da wannan, don ko dodon da ake tsorata yara da shi yana hana su fita da dare.

Dole wata rana tambaya ta zo kaina, ta kuwa zo. Na ce musu ni Musulmi ne, na yi imani da wuta da aljanna, ban kuma zo da wani sabon abu ba. Kalmar Jahannama da muke faɗa da Gehenna da ke cikin Linjila asalinsu ɗaya, sunan kwarin Hinnom ne da ke gefen birnin Ƙudus. Na kuma gaya musu cewa tambayar dawwama ta taɓa tasowa a wajenmu: an jingina wa Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim ra'ayin cewa wuta za ta ƙare, Taƙiyyuddin Subki ya yi raddi a ƙarni na 14, jumhurun malamai kuma suna kan dawwama. Imam Gazali ma ya yi bayani a kan uzurin waɗanda saƙo bai isa gare su ba, ko ya isa a gurɓace. Iyakar abin da na sani ke nan, fatawa kuwa ba tawa ba ce.

Amma da na koma ɗaki sai wani abu ya dame ni. A bisa aƙidar Fasto, ni ɗin nan da muke cin shinkafa a tukunya ɗaya ɗan wuta ne, kuma a bisa abin da na taso ina ji shi ma haka. Mu da muka fito daga Kaduna mun san abin da wannan kalma take iya haifarwa in ta bar bakin malami ko fasto ta faɗa hannun matasa. Washegari na tambaye shi kai tsaye. Bai yi kwana-kwana ba, ya ce Malam, kullum da asuba sai na ambaci sunanka. Na rasa ko haushi zan ji ko godiya zan yi. Daga baya na tuna da Penn Jillette, wani ɗan wasan dabo na Amurka da bai yarda da Allah ba, wanda a 2008 ya ce shi ba ya ganin girman mai imani da wuta da ba ya yi wa kowa wa'azi, domin wanda ya ga mota za ta take ka ya yi shiru ba masoyinka ba ne. Ta wannan fuska takardar da ke kan teburi ba cin fuska ba ce. Wanda nake tsoro shi ne mai ambaton wuta yana murmushi, kamar wanda aka ba shi rajistar ya riƙe.

A watan Fabrairu mahaifin Baturiyar ya rasu, ciwon zuciya, farat ɗaya. Tsohon direban bas ne, ya yi shekara da shekaru yana aikin sa kai a wurin rabon abinci ga marasa hali, kuma bai taɓa taka coci ba sai in biki ko jana'iza. Ta tafi gida mako uku. Da ta dawo muka yi mata ta'aziyya, Fasto ya dafa mata abinci ya ajiye a ƙofar ɗakinta, takardun wa'azi kuma suka ɓace daga kicin ba tare da kowa ya ce a kwashe ba.

Wani dare muna zaune mu uku, ba gardama ake ba, sai ta ɗago ta dube shi ta ce: “Ina babana yake yanzu?”

Charles Darwin ya taɓa tsayawa a daidai wannan wuri. A tarihin rayuwarsa da ya rubuta a 1876 ya ce ya kasa gane yadda mutum zai so wannan koyarwa ta zama gaskiya, alhali tana nufin mahaifinsa da wansa da mafi yawan aminansa za su shiga azaba ta har abada. Matarsa Emma, mai imani ce, ta sa aka cire wurin kafin a buga littafin a 1887, sai a 1958 jikarsa ta mayar da shi. Wato ko a gidan Darwin, maganar ta fi zafi da ta zo kan uba.

Fasto ya daɗe yana kallon kofin shayinsa. Sannan ya ce: “Ban sani ba.” Ta ce watanni huɗu kana gaya mini ka sani. Ya ce abin da aka rubuta na sani, abin da ya wuce tsakanin babanki da Allah a numfashinsa na ƙarshe ban sani ba, kuma ba a ba ni wannan aikin ba. Ya kawo mata labarin ɓarawon da aka gicciye, wanda Linjilar Luka ta ce ya samu gafara a sa'arsa ta ƙarshe. Ta ce babana ba ɓarawo ba ne. Ya ce na sani, ki yi haƙuri. Ta tashi ta shige ɗaki.

Na daɗe ina juya wannan amsa. Ana iya cewa tsoro ne ya kama shi, ya ga hawaye ya janye. Ita kanta daga baya ta ce mini koyarwar da ba za ka iya faɗa wa maraya ido da ido ba, anya ka yarda da ita? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma ni ban ga janyewa a wurin ba. Bai ce babu wuta ba, bai ce babanta yana aljanna ba, wanda shi ne abu mafi sauƙi da zai faɗa a daren, kuma da ya faɗa da ƙarya ya yi a bisa imaninsa. Ya raba abu biyu da muka saba cakuɗawa, sanin cewa akwai hukunci da sanin hukuncin wane. Na farkon imani ne, mutum yana iya riƙe shi ya kuma kare shi. Na biyun kuwa, in aka zo kan wani mutum takamaimai da ya mutu jiya, da'awa ce ta sanin gaibu. Mu ma an koya mana kada a yanke wa wani ayyananne wuta ko aljanna sai wanda nassi ya ambata, amma sau nawa muka ji an ce wane ɗan wuta ne tun kafin a gama haƙa kabarinsa? Ni kaina na faɗa, ba sau ɗaya ba.

Abin da ya rage mini ban warware ba shi ne ko wannan rabewar tana isar wanda aka yi wa mutuwa. Ita dai ba ta ishe ta ba. Har gobe ba ta yarda akwai komai bayan kabari ba, ta ce hakan ya fi mata kwanciyar hankali, domin aƙalla ta san babu mai taɓa shi. Shi ma Fasto bai sauya ba, ran Lahadi yana fita da 'yan cocinsu rabon takardu a tsakiyar gari.

A daren da abin ya faru, bayan ta shige, na tsaya taya shi wanke kwanuka. Can sai ya ce, da Hausa, ba tare da ya dube ni ba: Malam, kakana da ya rene ni bai taɓa shiga coci ba. A kan addinin gargajiya ya mutu, ina aji biyu a sakandare. Shi ya sayar da akuyarsa ya biya mini kuɗin makaranta. Na ce ka taɓa tambayar fastonku? Ya ce shekara goma sha biyar ke nan yana niyya. Ya miƙo mini tukunya ya ce in goge.